Rasuwar Irin Kindirmon Inna Mero

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni Maharazu maɗinki na Unguwar Hajji nake sanar da jama'ar Karaye da Rogo rasuwar irin kindirmon gidanmu, wato ɗan ragowar nan na jiya da ake zubawa cikin madarar yau don ta kama. Mahaifiyata Inna Mero ce ta zo da shi a ƙwaryarta, ita ma gada ta yi. Ya girme ni, ya girmi zuwan Nasara.

Marigayin mai haƙuri ne. Kullum sai mun sha shi, bai taɓa riƙe mu a zuci ba, gari na wayewa ya sake cika ƙwarya. Maganarsa ba ta wuce "ɓul" in zafi ya yi yawa, sai "caɓ" in ludayi ya shiga. Cikin da duk ya rikice a unguwar nan, shi ke sasanta shi.

Bai yi jinya ba. Labari ne ya zo cewa duba-gari na En'e, wato hukumar gargajiya, zai zagayo, sai maiɗakina Hajo ta kwashe ƙoren gida kaf ta dirje da toka da tafasasshen ruwa, har da ƙwaryar Inna, wadda ba a taɓa kankare gindinta ba. Duba-gari ya yaba mata ƙwarai. Washegari muka buɗe faifai, madara tana kallonmu muna kallonta, tsararo.

Malamin asibiti ya ce min wasu halittu ne masu rai a ciki, ƙanana, sun fi mutanen Kano yawa. Tun daga nan nake lissafi a kan keken ɗinki har na haɗe wa Shitu, wani mai kawo min ɗinki, ƙafafun wando. In masu rai ne, ashe gari guda muke shanyewa da fura? Kuma wanda ya hallaka al'umma da niyyar tsafta, lada gare shi ko alhaki? Na kai wa liman tambayar, ya yi dariya har rawaninsa ya warware. Ni dai na wanke Hajo daga zargi, ko da yake kalmar wanki yanzu kuka take sa ta.

Ya rasu ya bar ludayi, faifai, da fura marainiya. An ce akwai jikokinsa a Zoza, wajen ƙanwata Sauda, wadda Inna ta ɗibar wa a kayan aure, in ba ita ma tsafta ta kama ta ba.

Za a binne madarar a gindin tsamiya ranar Laraba da hantsi. Liman ya ce babu salla. Ana karɓar gaisuwa a shagona. Mai zuwa daga Zoza, don Allah ya biya ta gidan Sauda ya taho mana da ludayi ɗaya na kindirmonta, a rufe, a inuwa. Kada kowa ya wanke komai.