Rasuwar Gungumen Bugu na Gidan Alhasan

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika har wuya, da hantsin yau Laraba, yayyafi bai gama ɗaukewa ba, Tanimun ɗan Alhasan mabugi, na unguwar marina a nan Birnin Konni, yana sanar da jama'a rasuwar gungumen bugu na gidansu. Ya cika jiya bayan la'asar, a kwance bisa kwata, yana da shekara tamanin ko fiye. Ba a san daidai ba, don wanda ya sare shi bai yi karatun lakwal ba.

Ga waɗanda ba su san mamacin ba, kuma yanzu su ne suka fi yawa a garin: itacen kirya ne, tsawonsa ya kai kwanciyar mutum, bayansa sumul kamar an shafa mai. A kansa ake shimfiɗa tufa in ta fito daga rijiyar baba ta bushe. A barbaɗa shuni, mutum biyu su zauna fuska da fuska, kowa da gudumarsa ta itace, su yi ta bugu har baƙin ya yi ƙyallin da mutum zai ga haƙoransa a ciki. Kakan Tanimun ne ya jawo shi da shanu daga dajin wajen Illela.

Mai haƙuri ne. An doke shi fiye da shekara sittin, bai rama ba, bai kai ƙara jandarma ba. Bai sha mai ba, bai nemi lantarki ba. Muryarsa guda ce, kwan-kwan, kwan-kwan, tun fitowar rana, har matan unguwa kan daidaita dakansu da ita. Buzaye masu zuwa sayen rawani ba su tambayar hanya, kunne ke kawo su ƙofar gida.

Ciwon ajali ya soma ne shekarar da dilolin gwanjo suka cika kasuwa. Mutanen gari suka gano, da hikimarsu, cewa rigar da wani ya gama zufa cikinta a wata ƙasa ta fi wadda aka saƙa, aka rina, aka buga a bayan gidansu. Rijiyoyin baba goma sha biyu suka koma juji. Akwai samari a unguwar nan da in ka tambaye su sana'ar kakansu sai su gyara wuyan riga su ce ɗan kasuwa ne, alhali da baƙin farce aka binne tsohon.

Da tsufa ya kama Alhasan, ƙafa kuma ta ƙi kai shi ko zaure, ya kira ɗansa ya ce, “Wanga icce shi ya ciyar da mu. Kome za ka yi, kar ka bari wuta ta taɓa shi.” Iyakar wasiyyar ke nan.

Sai aka turo Mushe Mamane aikin buro, wato ofis, da ɗan babur ɗinsa mobilet, ya kama haya a tsohon ɗakin bugu. Ya dubi gungumen, ya dubi kwatar da ke ƙofa, ya ce, “Tanimun, ara mini wancan katako kwana biyu, mobilet ɗina ba ta iya tsallakawa.” Katako ya ce. Tanimun ya ji nauyin baƙo mai takalmi sau-ciki, ya kasa cewa a'a, har shi ya kama masa suka ɗora bisa kwatar. Kwana biyu suka zama damina biyu. Bayan nan nasa da ba a yarda ƙura ta sauka a kai ba ya sha taya da taɓo da ruwan wanke-wanke. Tsoho na ciki bai sani ba, Tanimun kuwa kullum yana cewa gobe zai ɗauko.

Jiya wata babbar mota mai dakon siminti ta zo juyawa, ta hau shi da baya. Ya yi magana sau ɗaya, ƙaras, ya rabu biyu. Direban bai ko leƙo ba. Amma Alhasan ya ji daga kan shimfiɗarsa, ya gane muryar. Bai tambayi kowa ba. Tun jiya dai bai taɓa fura ba, kuma in ɗansa ya shiga sai ya juya fuska bango.

Mamacin ya bar guduma biyu, ɗaya tana tokare ƙofar akurki, ɗaya ana fasa kanwa da ita. Ya bar tulun shuni da ya bushe, da rawani guda a ƙasan adaka.

Iyalai suna godiya ga Bala mai tsire, wanda ya riga kowa zuwa gaisuwa, gatari na leƙowa daga ƙasan rigarsa. Ya ce, “Allah shi ba da haƙuri. To, mi za ku yi da gawar? Kirya ce fa, garwashinta ba shi mutuwa da wuri.” An ba shi ruwa, an raka shi. Mushe ma ya zo, don jin wa zai gyara masa hanya.

Za a yi jana'iza gobe Alhamis da hantsi, a rijiyar baba ta gidan, wadda Tanimun zai wuni yau yana kwashe mata leda da matattun batura da gwangwanayen sardin. A tsaye za a sa shi, rabi kusa da rabi. Ba a yi wa itace salla, an sani, ba kuma sadaka, don haka masu zuwa don gumba su huta. Za a ɗauko Alhasan bisa kujera ya ga da idonsa ƙasa ce ta ci shi, ba wuta ba. Ana roƙon kowa ya bar gatari da ashana a gida.

Mai zuwa ba sai ya tattare riga a bakin kwata ba. Tanimun ya jera duwatsu a wurin bayan sallar asuba, har Mushe ya bi ta kansu da mobilet zuwa buro, idonsa na kan agogo.