Hancin Ottavio da Famfon Ilaria

"Barka da hantsi, tsohon ango! Yau ma ƙafar ce ta riga ka tashi?"

Ilaria ke nan take tsokanar kakanta, abokina Ottavio, tana durƙushe bayan kantar shagonsu na giyar inabi. Ta kafa wani akwatin gilashi mai famfuna, tana ɗaura masa tiyo daga tukunyar gas. Ni ina kujerata ta kullum da ɗan cukuna. Rigimarsu a kan makullin ɗakin ƙasa ce, inda Ottavio ke ɓoye tsofaffin kwalabensa. Ita tana so ta riƙa sayar da su kofi-kofi, shi ya ce kwalbar da aka buɗe ta kwana, gawa ce.

"Barkanki, mummunar amarya. Wai miya za ki dafa mini da giyar?"

"Kaka, wannan gas ɗin ba ya kamawa da wuta. Kwanciya yake a kan giyar kamar bargo, ya hana iska taɓa ta."

"Bargo! Ni da na yi sanyin shekara tamanin ba ki taɓa lulluɓe ni ba."

"Kai ai ka riga ka yi tsami, ba gas ɗin da zai cece ka."

Ta shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyon, ta duba ba ya yoyo, ta miƙe.

"Ka ga kwalbar can ta farko? Taka ce. Tun kafin Ista na ɗora ta."

"Ɓarauniya! To yanzu ta zama ruwan tsami, sai a zuba wa latas."

"Buɗe sabuwa irinta mu gwada. In hancin nan naka mai kama da barkono ya bambance su, na kwance kayana. In ya kasa, makulli."

"Hancin nan? Daga bakin coci nake jin ƙamshin abin da ake dafawa a birnin Siyena!"

Ya buɗe sabuwa da hannunsa, ya juya baya. Ta ajiye masa kofi biyu. Ya kaɗa na farko, ya shinshina, ya kurɓa, ya yatsine fuska.

"Tayar keke." Ya ɗauki na biyu, ya lumshe ido. "Yawwa! Ga 'yar gidana. Yanzu ta farka, ko mayafi ba ta yafa ba. Benedetto, ka shaida."

Na ce na shaida.

"Ka tabbata, ango?"

"In na yi kuskure, a binne ni a cikin akwatin naki."

"To waiwaya."

Sabuwar kwalbar na nan cike har wuya, ko ɗigo ba a taɓa ba.

"Duka biyun daga famfona suka fito, Kaka. Kwalba ɗaya, rabi tayar keke, rabi 'yar gida!"

"Maguɗi! Benedetto, yi magana!"

"Ka ce in shaida, na shaida."

Ya daɗe yana hararar famfon. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya ciro makullin daga wuyansa ya cilla mata.

"Karɓi, mayya. Amma kwalaben layin ƙasa na ranar bikinki ne, in an samu mai tsautsayin."

Ilaria ta ɗaga makullin sama, ta zagaye kantar da rawa tana guɗa.

"Kafin ki sauka ɗakin ƙasan," in ji Ottavio yana tura kofi, "ƙaro mini tayar keken nan."