Bature Ya Ce Babu Iska

"Jam na, angona? Ko gaisuwar ma sai an lissafa?"

Hajaratu ke nan, zaune a gindin mangwaro a gidansu na unguwar Kachalla Sembe, tana fifita, zafin Jalingo ya dafa kowa. Jikanta Njidda ya zo hutu daga kwaleji, amma hutun suna ne kawai. Ya faɗi jarrabawar lissafin jifa, wato gano inda abu zai sauka in an wurga shi, kuma malaminsu Bature ya ce in ya sake faɗuwa sai gida. Tun safe yake jifan wata tsohuwar ƙwarya a tsakar gida, ko gefenta bai taɓa ba. Wallahi abin tausayi, abin dariya.

"Jam, tsohuwa. Ƙyale ni, na gaji."

"Gajiyar me? Mazan mutane na gona, nawa na jifan ƙwarya. Sake ni in auri Di'o."

"Di'o ya ga bakin nan ba haƙori, a ƙafa zai koma Ingila."

"Kai dai ji da kanka. Kazata ma ta gane, duk gidan nan ba inda ya kai gindin ƙwaryar lafiya."

"Lissafina daidai ne. Bature ya ce a ɗauka babu iska, nan kuwa..."

"Babu iska? A garin nan? Ya je tsamiyar bakin rafi da tsakar rana ya faɗa!"

"Ba iskokinki ba, mai kaɗawa."

"Ko wacce ce. In babu iska, ina aka samo ɗan iskan da ke gabana?"

Njidda bai yi dariya ba. Ya zauna kan turmi, dutse a hannu.

"Kaka, Baffa ya gama shaida wa unguwa ɗansa zai zama injiniya. In aka koro ni, da wane ido zan dube shi?"

Hajaratu ta dube shi, ta dubi maficinta. Sai ta cusa maficin ƙarƙashin tabarma ta zauna a kai.

"To, na ɗaure iskar. Jefa."

Ya auna, ya jefa. Dutsen ya tsallake ƙwarya, kaza ta tashi da kuka.

"Numfashi kika yi!"

"Na yi, ango, a gafarta mini." Ta fashe da dariya, gumi na bin wuyanta, ta tura masa furarta. "Sha ka sake. Ni da fifita sai ranar da ka ci."