Jan Biron Farfesa

Allah ya yi wa jami'ar nan baiwa da ya ba ta Farfesa. Shekara talatin ya shafe yana nazarin waƙoƙin soyayya da Turawa suka rubuta ƙarni biyar da suka wuce, har ɗalibai suka laƙaba masa suna Ƙarni-na-sha-shida, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya kai ka can kafin ya amsa. Littafi ɗaya tak ya wallafa, amma hotonsa a bangon ofis guda bakwai ne, kowanne da hular digiri.

Masanin soyayya ne na gaske. Ranar da matarsa ta ce ya karanta mata ko baiti ɗaya, cewa ya yi, "Maman yara, wannan ai sai mai digiri na biyu."

A sashen akwai wata ƙaramar malama mai koyar da 'yan aji ɗaya. Sau uku tana neman ƙarin girma, sau uku jan biron Farfesa yana maido ta. Bana in ta sake faɗuwa, aikin ma ya tafi.

Ranar zaman kwamitin ƙarin girma Farfesa ya shigo a makare, ya kame kujera yana huci. Takardar binciken da ta gabatar bai buɗe ba sai a nan. Ya ɗaga shafin tsakiya, ya karanto sakin layi guda da muryar izgili, ya tuɓe tabarau.

"Jama'a, ku ji shirme! Wanda ya rubuta wannan ko ƙamshin waƙa bai taɓa shaƙa ba. Surutu ne zalla, ba kai ba gindi. A zamaninmu, mai irin wannan rubutu ko sharar laburare ba a ba shi."

Ya ja layi ja tun daga sama har ƙasa, sai da takardar ta huje.

Malamar ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, a taimaka a duba ƙasan shafin. Wurin ba maganata ba ce, ambato na yi. Daga littafinka ne, shafi na tamanin."

Shugaban kwamiti ya kama tarin da ba ya ji. Sakatare ya dulmiya kai cikin fayil, kafaɗunsa na girgiza.

Farfesa ya maida tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Sannan ya gyara murya.

"To, ai dama jarraba ki nake. Kin ci. Ke nan kina cikin ɗimbin masu karatun littafina."

"Ni kaɗai ce, ranka ya daɗe," in ji ta cikin ladabi. "Da na je aro a laburare, ni na cire masa leda."