Gas Ɗin da Na Shayar da 'Yar Gata

Ba zan taɓa mantawa da ranar kai Rabi ɗakinta ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, mutanen Yelwa ba za su bar ni ba.

Lokacin muna cikin Jihar Sakkwato, ina karatu a can birnin, na zo gida hutu. Ni mutum ne marar magana. Na gwammace in karanta shafi hamsin da in yi wa babba tambaya ɗaya, kuma har a raina ina ɗaukar wannan a matsayin hankali.

Kawu Bala, yayan Inna, yana da wata tsohuwar mota ruwan toka da kowa ke kira 'Yar Gata. Ya saye ta a hannun wani Bature ɗan Amurka da ya taɓa koyarwa a garinmu. Motar ba ta da kafireta irin na sauran ƙananan motoci. Injekta gare ta: famfo ɗaya da nozul huɗu masu fesa mai cikin inji. Shi ya sa kanikawan gari ke shakkarta, don in famfon ya lalace, har Legas ba lalle a samu wani ba. Rabi kuwa, 'yar Kawu, tun tana ƙarama take cewa in ba a 'Yar Gata ba, ba za ta je gidan miji ba. Ga biki ya zo, za a kai ta Wara, ga mota tana tari kamar mai tsohuwar mura.

A cikin aljihun motar na tsinci littafinta, wanda Baturen ya bari. Kwana biyu ina karantawa ina ja wa layuka ja. Da na nemi izinin wanke nozul, Kawu ya dube ni ya ce, "To ɗan boko, ka dai san ita ɗaya gare ni."

Na shimfiɗa farin ƙyalle a zaure, na kwance nozul ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne na rubuta masa lamba. Na jiƙa su a kananzir, na goge da buroshin haƙori (nawa ne, kwana uku na koma asuwaki), na canja filta, na mayar da komai inda yake. Kawu ya murza makulli, tarin ya ragu sosai. Ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Da na tsaya nan, da yau ni mutumin kirki ne.

Amma akwai layi ɗaya da ya hana ni sakat. Littafin ya ce in mota ta daɗe, a juye tsohon gas da ke tanki, a zuba sabon gas mai tsabta. Gas! Na koma baya na duba, ko'ina gas aka rubuta, babu inda aka ce fetur. Sai na zauna na yi lissafina: manyan motocin da ke ɗaukar albasa da kifi duk injekta gare su, kuma duk man gas suke sha. 'Yar Gata injekta gare ta. Ashe shekara da shekaru Kawu na ɗura wa baiwar Allah fetur bisa jahilci! Har tausayinsa na ji.

Ban gaya wa kowa ba. Kunya ce rabi, rabi kuma ina so a ga mota ta tashi kamar sabuwa a tambaya, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ai ba komai. Jajibirin kai amarya, da la'asar, hankalin kowa na wajen girki, na juye fetur ɗin tas a jarkoki, na ɓoye bayan rumbu, na cika tankin da gas. Ban gwada ba, makulli na aljihun Kawu.

Washegari mota ta tashi lafiya (sauran fetur ne da ke cikin filta, amma ni na ɗauka ilimina ne). Rabi ta shiga baya ita da Gwaggo da ƙawaye biyu, ana ta guɗa. Ni ina gaba kusa da Kawu, littafi a cinya.

Mun kai daidai bakin ruwa, inda masu kwale-kwale ke sauke kifi, ranar kuma kasuwa ce, sai 'Yar Gata ta yi shaƙuwa sau biyu, ta saki wani farin hayaƙi da ya rufe motocin da ke bayanmu, ta mutu. Gwaggo ta fito tana tari tana salati. Jama'a suka zagaye mu.

Aka kira Malam Sani bakanike daga garejinsa. Ya buɗe murfin tanki, ya shinshina, ya ɗago.

"Alhaji, yaushe motarka ta zama tirela? Wa yaz zuba mata gas?"

A nan ne ya kamata in yi shiru, abin da na fi iyawa a duniya. Maimakon haka na fito, na buɗe shafin da na ja wa layi, na karanta da ƙarfi cikin Turanci, sannan na fassara wa masunta. Ban taɓa yin magana gaban mutum fiye da biyar ba sai ranar.

Kawu ya zuba mini ido, can ya dafe kai.

"Wanga yaro ya kashe ni. Ai su can ƙasarsu fetur suka ce ma gas! Baturen nan kullum ya je gidan mai sai ya ce gas, masu famfo su yi ta dariya. Ni nika raka shi! Mi ya hana ka tambaye ni?"

Wata mai sayar da kifi ta ce, "Allah sarki, karatu ne ya yi mai yawa." Aka fashe da dariya har cikin kwale-kwale.

A bayan a-kori-kurar wani dillalin kifi aka kai Rabi Wara, bisa tabarma, tsakanin kwandunan banda. An ce duk turaren da Inna ta yi sati tana tsuma ta da shi bai ƙetare Birnin Yauri ba. Ni ban je ba. Ina bakin ruwa muna tura mota.

Kwana uku muna wanke tanki da famfo ni da Malam Sani, Kawu yana tsaye a kanmu har motar ta tashi. Sannan ya ce, "Nozul dai ka wanke da kyau, Malam Gas." Sunan ya bi ni har yau. 'Ya'yan Rabi ma Kawu Gas suke ce mini, ƙaramar cikinsu ta ɗauka shi ne sunana na yanka.

Har gobe ina karanta littafin kowane abu kafin in taɓa shi. Sai dai yanzu in na gama, nakan nemi tsohon da ya fi kusa in tambaye shi ko ya san wanda ya rubuta.