Bambanci Ɗaya Tak

Wani mutum ne a Zariya, sunansa Ɗayyabu, amma idan ba ka ce Injiniya ba ko waiwayowa ba ya yi. A wani ƙaramin kamfanin rubuta manhajar kwamfuta yake aiki. To, aiki dai a baki. Idan ya zauna gaban kwamfuta sai ka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana soya gurguru, ka leƙa ka tarar hira yake da abokansa.

Cika baki kuwa ba a magana. Ya ce shi da ido kawai yake gane kuskuren manhaja, tun daga bakin ƙofa. Ya ce akwai ranar da kwamfuta ta yi masa gardama, ya harare ta, ta ba shi haƙuri.

Ana nan sai wata makaranta ta kawo aiki. Kowane ɗalibi yana da bayaninsa a dunƙule wuri guda cikin manhaja: suna, shekaru, aji, unguwa. Ana son abin da zai ɗauki tsohon bayani da sabo ya kwatanta, ya faɗi inda suka bambanta. Shugaban kamfanin, Malam Sha'aibu, ya ce duk wanda nasa ya fi kyau shi ne sabon shugaban sashe, da ofishinsa da kujera mai juyawa.

Kujerar nan fa ta tsaya wa Ɗayyabu a rai. Har ya shiga ya gwada ta sau biyu.

A ofishin akwai Bara'atu, mace marar hayaniya, ga tsohon ciki. Mako uku ta yi tana fama, domin kwamfuta shashasha ce: ko bayani biyu iri ɗaya ne sak, in ba a wuri ɗaya aka ajiye su ba sai ta ce daban suke. Dole Bara'atu ta koya mata ta buɗe kowanne, ta bi suna da suna, aji da aji.

Shi kuwa Injiniya ko layi ɗaya bai rubuta ba. Ranar Laraba Bara'atu ta fita ta bar kwamfutarta a buɗe. Wuf! Ya kwafe aikin kaf. Ya goge sunanta a sama ya sa nasa. Don wayo kuma ya mayar da allon baƙi, rubutun kore, ya ƙara wa haruffa girma. Ya ja da baya ya duba, ya ce, "Yauwa! Ko ita mai shi ba za ta gane shi ba."

Ranar Juma'a aka taru. Ɗayyabu ya kashe hula, ya riga kowa miƙewa.

"Yallaɓai, wannan manhaja tawa, ka ba ta ƙwayar gero biyu, za ta gaya maka wadda ta girmi wata."

Aka gwada. Aka ba ta Sakina da Saƙina, ta kama lanƙwasar. Aka canja ajin wani yaro, fat ta nuna. Aka tafa.

"Kai ka rubuta duka?" in ji Malam Sha'aibu.

"Kowane layi! Kowane ɗigo! Da yatsun nan goma. Duk abin da ka gani a ciki daga jikina ya fito."

Aka gwada ta Bara'atu. Ita ma tsaf, amsa iri ɗaya. Ta dubi allonsa, ta dubi nata, ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta ɗaga murya ba.

"Yallaɓai," ta ce, "tunda tasa ta iya kwatanta komai, a ba ta tawa da tasa mana, mu ga bambancinsu."

Ɗayyabu ya kwashe da dariya. Ya tuna baƙin allonsa da koren rubutu, hankalinsa ya kwanta.

"Haba Malama Bara'atu, kada ki kunyata kanki. Ke naki fari, ni nawa baƙi. Yallaɓai, a tanadi takarda da yawa, bambancin sai ya cika ɗakin nan."

Shi da kansa ya danna. Tit!

Allo ya rubuta: Bambanci: 1.

Kowa ya juyo ya dubi Ɗayyabu.

"Dubu ɗaya take nufi," in ji Ɗayyabu. "Sifilin na tafe."

Aka jira sifili. Shiru. Sai ga shi ta nuna a ƙasa: layi na farko, can Bara'atu, nan Ɗayyabu.

"To launin fa? Ba ta ga kore ba?"

"Injiniya," in ji Malam Sha'aibu, "launi ai na allonka ne, ba na manhaja ba."

Amma bakin Ɗayyabu bai mutu ba.

"Ai shi ke nan, ita ta kwafi tawa! Wallahi dama na ga tana yawan zagaya teburina."

"Af, to," in ji Malam Sha'aibu. Ya jawo gilashinsa ya ɗora a hanci. "Ka ce kowane layi naka ne?"

"Kowanne!"

"Daga jikinka ya fito?"

"Daga nan!" Ya bugi cikinsa, tim.

Malam Sha'aibu ya yi ta gangarawa ƙasa, har ya kai wani ɗan rubutu irin wanda masu manhaja kan bar wa kansu don tuni. Ya gyara murya ya karanta da ƙarfi:

"Nan bai gama gyaruwa ba. Zan ƙarasa in na dawo daga awo ranar Laraba, yau yaron nan sai shurina yake yi."

Wani ya faɗo daga kujera. Wata ta toshe baki da mayafi ta fita da gudu. Bara'atu tana dariya tana riƙe da ciki tana cewa, "Ku bari, kada ku sa ni naƙuda!"

Ɗayyabu ya yi tsuru-tsuru, hannunsa har yanzu a kan tumbi.

Malam Sha'aibu ya cire gilashi, ya dube shi da tausayi.

"Sannu Injiniya, ashe fama kake ba mu sani ba. Kujera mai juyawa kam ba ta dace da kai ba a wannan hali, jiri za ta sa ka. Malama Bara'atu, ki ɗan riƙe masa."

Har yau idan Ɗayyabu ya shigo ofis ba mai ce masa ina kwana. Kowa sai dai ya miƙe ya ba shi wuri, ya ce, "Injiniya, Allah ya sauke ka lafiya!"