Rasuwar Ɗan Shuɗi Bayan Juyen Mai Na Farko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma tambayoyin da har yau ba a ba ni amsarsu ba, nake sanar da 'yan uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar babur ɗina, wanda kowa ya sani da Ɗan Shuɗi. Ya cika ne da hantsi a tsakiyar hawan gadar da ke kan hanyar asibitin da nake aikin nas, ina kansa, sanye da fararen kayan aiki. Ya rasu da ƙuruciyarsa, ko ledar da ke jikin madubinsa ba ta gama ɓarewa ba.

Marigayin shi ne abin hawa na farko da na taɓa mallaka. Kafin zuwansa na yi shekaru ina tsayuwar jiran mota a bakin titi, ina isa wurin aiki a makare da sawun takalmin wani a kan ƙafata. Shi ya share mini wannan hawayen. Mai haƙuri ne, mai ƙaramin ciki, ɗan man da za a ba shi sai ya yi ta lallaɓawa da shi. Bai taɓa yi mini gardama da safe ba, taɓawa ɗaya sai ka ji "tir-tir-tir", a hankali, kamar mai gudun tashin maƙwabta. Ya ɗauke ni, ya ɗauki 'yan biyuna zuwa makaranta, ya ɗauki buhun da ya fi ƙarfinsa ba tare da ƙorafi ba. Ko hon ɗinsa na ladabi ne, "fit-fit" kawai, kamar mai neman izini.

Kowa ya yi murna da zuwansa, ban da mutum ɗaya. Ranar da na shigo da shi gida, Baban 'yan biyu ya zagaya shi, ya leƙa ƙasansa, ya ce, "To, yanzu kuma ba mai tambayarmu rakiya ke nan." Ya yi dariya, ni ma na yi. Tun daga ranar ko ƙurar kujerarsa bai taɓa kakkaɓewa ba.

Game da jinyarsa, wajibi ne a faɗi abin da ya faru dalla-dalla, domin na ji ana yaɗa cewa wa'adi ne kawai. Wa'adi gaskiya ne, amma marigayin lafiyarsa ƙalau har ranar da aka taɓa shi.

Wanda ya sayar mini da shi ya ja mini kunne cewa sabon inji yana buƙatar juyen baƙin mai da wuri. Na sayo man da kaina, na duba murfinsa a liƙe, na shirya kai shi gareji. Ina ɗaukar makulli sai maigida ya tare ƙofa.

"Maman 'yan biyu, da namiji a gida za ki kai wa wani juyen mai? Noti ɗaya ne fa."

Kafin in ba shi amsa sai ga abokinsa, maƙwabcinmu da ake kira Injiniya, ya shigo da jakar sifanu a hammata. Sana'arsa gyaran fanka ce, kuma ban ji lokacin da aka kira shi ba. Suka kwantar da kwali, suka tura tsohon kwano ƙarƙashin marigayin. Na tsaya zan kalla don in koya, sai aka aike ni tsumma. Na kawo, aka ce ruwan wanke hannu. Na kawo, aka ce shayi. Ina fitowa da shayin na tarar an gama, suna tsaye suna goge hannu, kowa na kallon wani gefe. A asibiti idan likita ya fito daga ɗakin tiyata da irin wannan fuskar, mun san abin da za mu faɗa wa dangi.

A kwanakin da suka biyo baya wani abin mamaki ya faru a gidanmu. Baban 'yan biyu, wanda tun aurenmu bai san inda ake ajiye tsintsiya ba, ya fara riga ni fita tsakar gida yana shara. Ba ko'ina yake sharewa ba, daidai inda marigayin ke kwana. Har yashi yake barbaɗawa a wurin, wai don tsafta. Na ji daɗi, na yaba masa a gaban yara.

Muryar marigayin kuwa ta soma sauyawa. "Tir-tir-tir" ta koma "ƙar-ƙar-ƙar", jikinsa ya riƙa ɗaukar zafi tun kafin mu yi nisa. Na faɗa wa maigida, ya ce sabon mai ne yake bin jiki. Na faɗa wa Injiniya ta kan katanga, ya ce haka suke yi, sannan ya tambaye ni, a cikin raha, ko zan sayar.

A kan gadar ya yi maganarsa ta ƙarshe: "ƙwas, ƙwas, ƙwas." Tayar baya ta cije, muka yi gefe, wata babbar mota ta wuce mu har iskarta ta ɗaga mini mayafi. Ban san yadda na dire ƙafata ba. Na tsaya ina riƙe da shi, shi kuma yana fitar da wani siririn hayaƙi mai ƙauri.

Na kira maigida na ce babur ya tsaya, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Ya iso cikin gaggawa, da igiyar ja a hannunsa. Wanda aka ce masa babur ya tsaya, ai fetur yake tahowa da shi.

Bakaniken da ya duba gawar ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya taɓa notin juye da yatsa biyu, notin ya juya. Ya zaro ma'aunin mai ya nuna mini, a bushe ƙayau.

"Nas, injin nan ya buga. Ba a ɗaure notin ba, kuma babu wosha, ɗan zoben da ke hana yoyo. Ɗigo-ɗigo man ya tsiyaye. Ba ki ga alama a inda kike ajiye shi ba?"

Na juya na kalli Baban 'yan biyu. Ya duƙufa yana karanta wani tsohon kalanda da ke jikin bangon garejin.

An yi bincike a gida. Maigida ya ce Injiniya ne ya ɗaure notin. Injiniya ya ce shi kwano kawai ya riƙe. Ranar wanki kuma na juya aljihun wandon maigida, wani ɗan zoben ƙarfe ya faɗo cikin baho, wanda bakanike ya tabbatar mini shi ne woshar. Na ajiye ta a gabansa. Ya kalle ta, ya ce, "Bayan mun gama ne muka ga ta yi saura. Na ɗauka ƙari ce." Na tambaye shi batun yashin. Ya ce kunya ce ta hana shi faɗa, kullum yana cewa gobe zai gyara kafin in gani. Idonsa ya kawo ruwa da ya ji labarin babbar motar, wannan na gani da idona, kuma na yarda da shi. Sai dai yanzu kullum shi ke raka ni bakin titi, riƙe da jakata, yana gaisawa da mutane, fuskarsa fes. Ban taɓa ganin mai makoki da ƙiba ta kama shi haka ba.

Marigayin ya rasu ya bar ni, da 'yan biyu waɗanda suka koma tafiyar ƙasa, da hular kwano guda, da makulli biyu, da rabin tankin fetur wanda na sa alama a jikinsa. Ya kuma bar tabon mai a tsakar gida, wanda na share yashin da ke kansa domin masu ta'aziyya su gani.

An dawo da gawar gida, za a ajiye ta a ƙofar ɗakinmu, daidai inda mai fita sai ya raɓa ta. Ana karɓar gaisuwa bayan na taso daga aiki, kuma ana roƙon masu zuwa su bar sifanunsu a gida. Injiniya ya sake aiko da tayin sayen gawar, an gode, ba ta sayarwa ba ce. Ranar Asabar da safe za a kai marigayin gareji, inda bakanike zai buɗe shi ya ga ko akwai abin da za a iya cetowa. Ba za a yi hayar mota ba. Baban 'yan biyu da abokinsa ne za su tura shi, ta kan gadar, ni kuma ina biye da su a baya inda zan riƙa ganin hannun kowa.